Daga Gayyar Makaɗa Zuwa Fiyano: Tarihin Kiɗan Fim da Makomar Kalangu

 

Duk wanda ya kalli fim ɗin Ar-Risala, wanda Mustafa Akkad ya shirya a 1976 a kan farkon tarihin Musulunci, yana iya mance fuskokin 'yan wasan da dama, amma da wuya ya mance kiɗan nan mai sanyaya jiki da ke tashi idan ayari ya miƙa cikin hamada. Mutum ɗaya ne ya tsara kiɗan, wani Bafaranshe mai suna Maurice Jarre, sai dai gomman makaɗa ne suka zauna a birnin Landan, kowa da abin kiɗansa, suka fitar da shi da yatsunsu da numfashinsu. Shekara tara bayan haka, a 1985, shi dai wannan Jarre ya yi wa fim ɗin Amurka mai suna Witness kiɗa da na'urorin lantarki, babu goge babu ƙaho. Tsakanin waɗannan ayyuka biyu akwai wata gwagwarmaya da aka yi kusan ƙarni guda ana yi. Manufata ita ce in bi sawunta a Amurka da Indiya, sannan in nuna dalilin da ya sa ta ƙare da sulhu a can, alhali a wurinmu tana neman ƙarewa da asara. Batun hukuncin kiɗa a shari'a kuwa na malamai ne, sun kuma yi bayaninsa. Nan tarihi kawai za mu duba.

Da farko mu san ɓangarorin biyu. Abin da Turawa ke kira okestira, ni zan kira shi gayyar makaɗa, domin aikin gayya ne: mutum sittin zuwa tamanin ko fiye, an kasa su gida huɗu. Akwai masu goge manya da ƙanana, su ne mafi yawa. Akwai masu busa sarewa da dangin algaita. Akwai masu ƙahonin tagulla. Sannan masu ganguna. Kowa da takarda a gabansa an rubuta masa abin da zai kaɗa, madugu kuma yana tsaye da ɗan sanda yana daidaita su. Ɗaya ɓangaren kuwa ita ce na'urar haɗa sauti, wadda ke ƙirƙirar amo daga wutar lantarki, ko ta adana amon wani abin kiɗa ta maimaita shi idan an danna. Ita ce 'yan fim na Kano ke kira fiyano.

Fim ya fara ne bebe. Tun daga 1895 har wajen ƙarshen shekarun 1920, hoto ne ke motsi babu murya, saboda haka kowane gidan silima yana da makaɗansa a gaban allo. Ƙaramin gida ya ɗauki mutum ɗaya, babban gida ya ɗauki gayya sukutum. A 1927 aka fito da The Jazz Singer, fim ɗin da ya buɗe ƙofar fina-finai masu magana, kuma cikin 'yan shekaru dubban makaɗan gidajen silima a Amurka suka rasa abin yi. Ƙungiyarsu ta tashi haiƙan a 1930 tana buga tallace-tallace a jaridu, tana sukar abin da ta kira kiɗan gwangwani, har da zanen mutum-mutumin ƙarfe yana riƙe da abin kiɗa. Duk wannan bai hana komai ba. Abin lura a nan shi ne, na'urar farko da ta raba makaɗa da abincinsu ita ce ta ɗaukar murya, kuma gayyar makaɗan fim da ake yi wa kuka a yau ita kanta a kan wancan kufai aka gina ta.

Da aikin ya bar gidajen kallo, sai ya tattara a Holiwud. Mawallafan kiɗa da suka yi karatu a Turai, irin su Max Steiner da Erich Korngold waɗanda suka tashi a Biyana, suka kawo salon manyan gidajen waƙa na can. Kiɗan da Steiner ya yi wa King Kong a 1933 shi ya nuna wa masu fim cewa kiɗa na iya sa ɗan kallo ya ji tsoro ko tausayin abin da ya san ƙarya ne. Daga nan kowane babban kamfani ya ajiye gayyarsa yana biyanta albashi, aka ci gaba a haka har 1958.

Na'ura kuwa ta shigo ne ta ƙofar baya. Wajen 1920 wani Barashe, Lev Termen, ya ƙera wani abin kiɗa da ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba, hannu kawai ake karkaɗawa a kusa da sandunansa, sai ya riƙa fitar da amo kamar kukan da ba na mutum ba. Masu fim suka ga ya dace da hauka da firgici da halittun wata duniya. An ji shi a Spellbound na 1945, wanda Miklós Rózsa ya ci kyautar Oska da kiɗansa. A 1956 wasu miji da mata, Louis da Bebe Barron, suka yi wa Forbidden Planet sauti gaba ɗaya da na'urorin da suka harhaɗa da hannunsu. Da yake su ba 'yan ƙungiyar makaɗa ba ne, ba a ma yarda an rubuta kalmar kiɗa a gaban sunansu a jikin fim ɗin ba, sai aka laƙaba wa aikin wani suna daban. Wato a wancan zamani na'ura baƙuwa ce, ana kiranta ne kawai idan ana son abin ban tsoro.

Robert Moog ya fito da na'urarsa mai madannai a 1964, kuma daga nan lamarin ya soma sauyawa. Wanda ke son ganin yadda kokawar ta yi zafi, ya dubi kyautar Oska ta kiɗan fim a shekaru biyar kacal. A bikin 1978 kiɗan Ar-Risala na cikin biyar ɗin da aka zaɓa, amma John Williams ne ya ɗauki kyautar da Star Wars, fim ɗin yaƙin sararin samaniya wanda kowa zai zaci na'ura za a yi masa amfani da ita, shi kuwa ya ɗauko babbar gayyar Landan ya maido da salon su Korngold. Shekara na zagayowa sai Giorgio Moroder ya ci da Midnight Express, kiɗan na'ura, ya kayar da shi Williams ɗin da kiɗansa na Superman. A 1982 kuma Vangelis, mutumin Girka, ya ci da Chariots of Fire, labarin 'yan tseren gasar 1924, wanda ya kaɗa da na'urori a ɗakin aikinsa. Da wannan ya tabbata cewa na'ura ta iya ɗaukar labarin da babu dodo babu aljani a ciki.

Abin da ya girgiza sana'ar da gaske shi ne faɗuwar farashi. A 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DX7, na'urar da matsakaicin makaɗi zai iya saya, a shekarar kuma kamfanoni suka amince da wani tsari guda, MIDI, wanda ya sa na'urori ke iya magana da juna da kuma kwamfuta. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya zama yana iya tsayawa a madadin mutum saba'in. Masu ƙananan fina-finai da shirye-shiryen talabijin suka rungumi abin, domin ranar aiki guda ta gayya tana cin kuɗin da zai sayi na'urar baki ɗaya.

Duk da haka gayya ba ta mutu a ƙasashen Turawa ba. Abin da ya faru shi ne auratayya. Hans Zimmer, Bajamushen da ya fara da na'ura, ya haɗa ta da gayya da kuma muryoyin mawaƙan Afirka ta Kudu ƙarƙashin Lebo M a The Lion King na 1994, ya ci Oska. A yau galibin mawallafa kan fara tsara kiɗan a kwamfuta, darakta ya saurara ya amince, sannan idan akwai kuɗi a kira makaɗa su kaɗa shi da hannu, wani lokaci a Landan, wani lokaci a Firag ko Budafes inda aikin ya fi araha.

Me ya tsare gayyar? Abu uku ne. Na farko rubutu: kiɗansu a takarda yake, abin da aka wallafa shekara 200 da suka wuce yaro na iya ɗauka yau ya koya. Na biyu makarantu, inda ake yaye sababbin masu goge da masu busa kowace shekara. Na uku gidajen kiɗa na birane, waɗanda hukuma da attajirai ke ɗaukar nauyinsu, ko da fim ko babu fim. Ga kuma wani sirri: amon goge da ke cikin kwamfuta, asalinsa wani gwani aka zaunar ya kaɗa shi ɗaya bayan ɗaya aka adana. Na'urar tana ci ne daga rumbun da mutane suka cika, kuma Turawa ba su daina noma ba.

Yanzu mu juya Indiya, domin da kiɗanta ne akasarinmu muka tashi. Fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, da waƙoƙi ya zo, kuma tun daga nan waƙa ta zama ƙashin bayan fim a can. A Bombai aka gina wata irin gayya ta musamman, inda aka haɗa gogen Turawa da tabla da sitar da sarewar gora. Da yawa daga cikin masu goge da masu rubuta kiɗan 'yan Goa ne, waɗanda suka koyi karatun kiɗa a makarantun coci tun zamanin mulkin Fotugal. Naushad, wanda ya yi kiɗan Mother India na 1957 da Mughal-e-Azam na 1960, ya shahara da tara makaɗa masu yawa, haka ma Shankar da Jaikishan, da Laxmikant da Pyarelal a bayansu. A lokacin, mawaƙi da makaɗa duk a ɗaki ɗaya ake ɗaukarsu a tashi guda; mutum ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko.

Amma ko a can na'ura ta daɗe da leƙowa. Busar nan ta masu wasa da maciji a fim ɗin Nagin na 1954, wadda mutane da yawa suka ɗauka busa ce ta gaskiya, Kalyanji ne ya fitar da ita da wata ƙaramar na'urar lantarki mai madannai. A 1982 Bappi Lahiri ya cika Disco Dancer da amon na'ura. Sai kuma 1992, lokacin da wani matashi daga Madras, A. R. Rahman, wanda ya yi shekaru yana danna fiyano a ƙarƙashin Ilaiyaraaja, ya fito da Roja daga ɗakin ɗaukar sautin da ya gina a gidansa. Daga shekarun nan aikin ya koma hawa-hawa: a ɗauki wannan yau, a ɗora wancan gobe, sauran kuma kwamfuta ta cike. Manyan ɗakunan Bombai suka yi ta rufewa, tsofaffin masu goge suka koma gida. Sai dai a lura da abin da Rahman ya yi bayan ya yi suna: a 2008 ya buɗe makarantar koyon kiɗa a garinsu, inda ake koya wa yara goge da busa da hannu. Mutumin da ya fi kowa sanin ƙarfin na'ura, shi ne ya ga cewa idan aka bar rumbu ya ƙare, ita ma ba ta da abin ci.

To, ina mu a cikin wannan labari? Fina-finan Indiya sun shigo gidajen silima na Kano da Zariya da Jos, haka nan Kumasi da Ankara da Tamale, kuma babu inda suka samu karɓuwa kamar unguwannin Musulmi. Har masu bege da mandiri a Kano sun riƙa ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan karin waƙoƙin Indiya. Kunnenmu ya saba da amon gayyar Bombai tun kafin mu yi fim namu.

A nan Gana kuma mun ga yadda ƙungiyoyin makaɗa ke rushewa. Dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 ta ɗauki fiye da shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, 'yan hailaif da yawa suka yi hijira, waɗanda suka sauka Jamus kuma suka dawo mana da sabon salo na gangar na'ura. Da fim ɗin bidiyo ya kunno kai a ƙarshen shekarun 1980, ya tarar da filin fiyano ne ke mulki.

Haka abin ya kasance a Kano. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma da Turmin Danya a 1990, da ɗan jari kaɗan da kaset. Masu shi na son waƙa da rawa irin na Indiya, ba su da kuɗin tara ko da mutum goma, sai fiyanon Yamaha ya zame musu mafita. Ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama suka buɗe hanya, kuma a ƙarshen shekarun 1990 fim ɗin Sangaya ya nuna cewa waƙar da aka yi da fiyano mai kwaikwayon sarewa da ganga na iya sayar da fim ita kaɗai. Daga nan aka samu kiɗan da ake kira nanaye. Adalci ne a faɗa cewa ba don fiyano ba, da wuya masana'antar ta tsaya da ƙafarta, kuma fina-finan nan su suka riƙe wa 'ya'yanmu Hausa a zango-zangon da wasu harsuna suka kewaye mu. Na'ura kuma ba ta hana fasaha: Mamman Sani na Nijar tun a shekarun 1970 yake kaɗa karin gargajiya da na'urarsa, rediyo da talabijin na ƙasar suka yi ta amfani da shi, kuma duk wanda ya ji ya san na Sahel ne.

Matsalar ita ce mu mun tsallake mataki. Amurka da Indiya sun shigar da makaɗansu cikin fim na tsawon shekaru hamsin kafin na'ura ta yi ƙarfi. Mu kuwa fim ɗinmu a hannun fiyano ya girma, alhali muna da namu gayyar. A fada akwai tambari da kakaki da algaita da farai. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, maharba na da komo, manoma na da gangarsu. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi zamaninsa da kalangai da 'yan amshi. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso. Haruna Uji da gurmi. Barmani Choge da ƙwarya. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa ya ishi taro. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kayan yana da ma'anar da Bahaushe ke ganewa nan take, irin abin da mai tsara kiɗan fim a Holiwud ke wahalar ƙirƙirowa.

Akwai kuma abin da fiyano ba ya iya ɗauka. Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa, kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, amon na hawa yana sauka yana bin karin kalmomi, har mai sauraro ya ji taken gidansu ko kirarin kakansa ba tare da an buɗe baki ba. Madannan fiyano matakai ne ƙayyadaddu, guda goma sha biyu suna maimaituwa. Abin da ke cikinsa da sunan ganga, bugu ɗaya ne aka adana, yana dawowa yadda yake ko sau dubu aka danna. Shi ya sa za ka ga fim ɗin sarauta, ga rawani ga alkyabba ga dogarai, amma busar da ke tashi idan sarki ya fito ba ta kowace fada ba ce. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abubuwa ukun nan da suka tsare gayyar Turawa, mu ba mu da ko ɗaya a tsaye. Kiɗanmu ba a takarda yake ba, a hannu yake, ɗa na gada daga uba. Makarantarsa ita ce bin maigida zuwa biki da suna da hawan salla. Mai ɗaukar nauyinsa shi ne sarki da attajiri da mai biki. Idan mai biki ya ɗauko mai lasifika ya sa waƙar fim, makarantar ce ya rufe ba tare da ya sani ba. Ba kuma fiyano kaɗai ke da laifi ba: mun daɗe muna yi wa makaɗi kallon maroƙi, har 'ya'yansa na jin kunyar gadon. A ƙasar Hausa yawan jama'a na iya rufe wannan gibi na wani lokaci. Mu da ke zaune a zango, inda gari guda ba ya wuce gidan makaɗa ɗaya ko biyu, tsoho ɗaya ya kwanta dama, take ɗari sun bi shi kabari.

Tarihin da muka bi ya nuna cewa yaƙi da na'ura ba ya cin nasara. 'Yan ƙungiyar Amurka sun gwada a 1930 sun sha ƙasa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ya yi amfani shi ne hanyar Zimmer da Rahman, wato a riƙe na'ura a kuma shigo da gwani. Matasanmu masu shirya fim da waƙa, a Kumasi ne ko Garwa ko Njamena, ba su buƙatar mutum saba'in. Mai kalangu ɗaya da mai goge ɗaya a kan fiyano sun isa su sauya ɗanɗanon aiki, a biya su haƙƙinsu, a kuma rubuta sunansu a jikin fim. Fadojin sarakunan zango su ma suna da nasu rabon: wayar da ke aljihun kowa ta isa a zaunar da dattawan makaɗa a ɗauki kowane take, a faɗi na wane ne, da lokacin da ake kaɗa shi, da abin da yake cewa, a ajiye tare da sauran takardun fada. Mai aurar da 'ya kuma, idan ya ware wa mai lasifika dare, ya ware wa makaɗan unguwa yamma ɗaya, domin yaron da ke riƙe wa ubansa gula ya ga cewa sana'ar na ciyar da mai ita.

Kakanninmu da suka biyo hanyar goro suka kafa waɗannan zangogi sun zo da Alƙur'ani da harshe da sana'a, sun kuma zo da makaɗansu. Wanda ya san wani dattijon makaɗi da ya rage a unguwarsu, ya ambaci garin da irin kiɗan a ƙasan wannan rubutu, domin mu san abin da ya saura a hannunmu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gama da duniya lafiya.